Hannun da Baba Delfin Ya Ɗaga

Tun daga wajen shagon mai gyaran taya Gamaliel, a kan kujerar direban bas, ya hango hannun. Hannu ne da zai gane ko a cikin dubu, siriri, a miƙe sama, tafin a buɗe, ana kaɗa shi kamar mai korar kaji daga shanya. Mai hannun yana tsaye a bakin layinsu na unguwar Gorton a Manchester, da jar hular sanyi a kansa, yayyafi na sauka a kafaɗunsa. Baba Delfin ne, tsohon nan ɗan ƙasar Filifin, maƙwabcinsa na jikin bango.

"Haba Baba," in ji Gamaliel a cikin maƙogwaro. "Ba yau ba. Don Allah ba yau ba."

Babu tashar bas a wurin. Wata huɗu ke nan da aka zo da injin yankan ƙarfe aka datse turken tashar daga gindi, aka bar ɗan kututture a cikin siminti. An ce tashoshin sun yi kusa da juna, yawan tsaye-tsaye ne ke jawo cunkoso, ga kuɗin gwamnati ya ja baya, an rage motoci. Saboda haka aka haɗe tasha uku ta koma ɗaya, can gaban kasuwa, tafiyar minti goma ga mai ƙafa lafiya. Baba Delfin ya saurari bayanin nan kaf, ya gyaɗa kai, washegari ya je ya tsaya a kan kututturen.

Sau biyu Gamaliel ya tsaya masa. Sau biyu aka kira shi ofis, manaja ya juyo masa fuskar kwamfuta ya nuna masa kansa yana buɗe ƙofa inda ba a yarda ba. A na biyun da takarda ya fito, gargaɗin ƙarshe. Na uku kora ce. Ga shi a watan Janairu za a sabunta takardun zaman iyalinsa duka, kuma da shaidar aiki a hannu ake zuwa.

Kyamara tana saman kansa. Fasinja sun kai arba'in a bayansa. Agogon da ke gabansa ya nuna ya makara da minti shida. Ƙafarsa ta tashi daga totur, ta yi shawagi a kan birki, ta koma inda ta fito. Ya kafe idonsa a kan titi, ya wuce. Amma madubi ba ya runtse ido. A ciki ya ga hannun ya daɗe a sama, kafin ya sauko a hankali.

Da ƙarfe biyu, yana hutun cin abinci a depot, inda ake ajiye bas-bas, matarsa Celestina ta kira shi.

"Baban Clara, ka ji abin da ya faru? Baba Delfin ya faɗi a gaban kasuwa, dab da sabuwar tashar nan. Ambulance ta tafi da shi. Wai zuciya ce. Ashe appointment gare shi yau a asibiti."

Gamaliel ya rufe robar shinkafarsa.

"Kana ji na kuwa?"

"Ina ji."

Shekara shida suna maƙwabtaka da tsohon, bango ɗaya tsakaninsu, har tarin juna suna ji. 'Yar tsohon, Marivic, nas ce. Ita ta ɗauko shi daga Manila bayan rasuwar mahaifiyarta. Da aka rufe sashen da take aiki a Manchester sai a Birmingham ta samu gurbi, can take kwana huɗu a mako, ta bar tsohon da rediyonsa da tukwanen tumatirinsa da ba su taɓa nuna ba.

Tuƙi ne ya haɗa su. Baba Delfin ya yi shekara talatin da ɗaya yana jan jifni a Manila. Ya nuna wa Gamaliel hoton ya fi sau ɗari: doguwar mota mai hancin jif ɗin soja, benci biyu suna kallon juna, ana shiga ta baya, jikinta ya sha fenti kamar zanen sallah, da dawakan gwangwani guda uku a kan bonet. Babu kwandasta. Na can baya zai miƙa kuɗinsa ga na kusa da shi, hannu zuwa hannu har ya iso direba, canji ma ya koma ta hanyar da kuɗin ya zo. Mai son shiga ya ɗaga hannu a duk inda yake. Mai son sauka ya ƙwanƙwasa kwabo a jikin ƙarfen riƙo, ƙwas ƙwas, direba ya tsaya.

Gamaliel kuwa ya yi shekara tara yana lodin fasinja tsakanin Taminus da Bukuru a Jos, ya san wannan rayuwar ciki da bai, kuma bai yi kewarta ba. A shekarar nan ne gwamnatin Filifin ta ce za a janye duk jifnin da ya haura shekara goma sha biyar, a kawo sababbin motoci masu kati da tashoshi tsayayyu. Motar Baba Delfin, wadda ƙaninsa ke ja yanzu, ta ninka shekarun. Tun daga nan ba su da wata hira a bakin ƙofa sai wannan.

"Direba," haka tsohon yake kiransa, "ka duba. Direbobin jifni sun yi yajin aiki, Manila ta tsaya cik." Ya miƙo wayar har hancin Gamaliel.

"Baba, Manila ai kullum a tsaye take. Ba kai ka ce tafiyar rabin awa sai ta ci awa uku ba? In kowa zai tsaya inda ya ga dama, wa zai isa?"

"Masu manyan motoci mutum ɗaya-ɗaya a ciki su suka cika titi. Mu muna ɗauke da ashirin."

"Da hayaƙin mutum ɗari."

"Motar da ba ta ganin hannu ba mota ba ce, Direba. Akwati ce mai taya."

In Marivic tana gida sai ta leƙo ta taga. "Kuya Gam, kada ka biye masa." Kuya a yarensu yaya ke nan. "Shekara huɗu ina tashi ƙarfe huɗu don in shiga aji ƙarfe takwas. Na sha zuwa da farin kaya in koma da baƙi. A kwashe su duka, har da dawakan."

"Dawakan nan su suka biya miki makaranta," in ji tsohon.

"Na sani, Tatay," in ji ta, wato baba a yarensu. "Na sani. Na gode musu. A kwashe su."

Gamaliel ya yi ta dariya a ranar, don ya samu mai goyon baya. Ya yi imani da tsari. Har gobe ma ya yi imani da shi, kuma abin da ya fi ci masa rai ke nan.

Da yammacin ranar da tsohon ya faɗi, bayan yara sun hau sama, ya gaya wa Celestina a kicin. Tana tuƙa tuwon semo, ta tsaya da muciya a hannu.

"Kai ne ka wuce shi?"

"Ni ne."

"Ya gan ka?"

"Ban sani ba. Gilashin da ruwa."

Ta ci gaba da tuƙi, da ƙarfi fiye da yadda tuwon yake bukata. "To ka saurare ni. Zuciyar Baba tun bara GP, likitansa, yake magana a kanta. Ko a kan kujera yake zaune, in ranar ta zo ta zo. Kai ka yanke ƙarfen? Kai ka sa kyamara? Da ka tsaya, da yau kana gida da letter ɗin kora, ni ina shift biyu a care home wajen kula da tsofaffi, Janairu kuma mu je mu ce musu me?"

"Duk na san wannan."

"To mene ne?"

"Tafiyar minti goma a cikin ruwa, Maman Clara. Mutum mai shekara saba'in da takwas."

"Kada ka je ka zuba wa yarinyar nan wannan maganar. Ubanta yana kwance. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. In nauyi ne ya dame ka, ka kai wa Ubangiji, ko ka je coci wajen Fasto Dung."

"Ba Fasto Dung na wuce a titi ba."

Ta ajiye muciyar. "Kai dai ba ka iya barin abu ya kwanta."

Kwana uku bai je asibitin ba. Celestina ta je da farfesu a fulas, ta dawo da shi ba a taɓa ba, ta ce tsohon ya tambaya ina Direba. Gamaliel ya ce aiki ya yi yawa. Ba ƙarya ya yi ba, direbobi sun yi ƙaranci, ana ta ƙara masa awoyi. Amma a kwana ukun nan ya yi shari'ar da kansa ya fi a ƙirga. Ya ɗora mutum arba'in a gefe ɗaya na ma'auni, mai zuwa aiki, mai kai yaro makaranta, ya ɗora tsoho ɗaya a ɗaya gefen. Ya ƙara 'ya'yansa uku a kan arba'in ɗin. Kowane lokaci lissafin yana ba shi gaskiya, kuma kowane lokaci ya iso bakin layin sai idonsa ya koma kan kututturen nan. Abin da ya fi ba shi haushi shi ne babu wanda zai kama. Wanda ya yanke turken aiki aka sa shi. Manaja ma da nasa manajan. Wanda ya zana tsarin a takarda ƙila bai taɓa taka Gorton ba, kuma ƙila da gaske motoci sun fi sauri yanzu. Duk inda ya juya da fushinsa sai ya dawo ya same shi a kan kujerar direba.

Ranar Juma'a yana hutu. Wajen sha ɗaya na safe wayarsa ta yi ƙara.

"Kuya Gam." Marivic ce, ana jin ƙugin motoci a bayanta. "Jiya likita ya ce ya samu sauƙi, sai na dawo Birmingham, ba su da kowa a ward. Yanzu sun kira ni, wai in zo maza. Ina kan babbar hanyar M6, gosulo ne, ba ma motsi. Aikin hanya suke yi, layi ɗaya suka bari. Don Allah ka je ka zauna da shi. Kada ya tafi shi kaɗai."

Ya tarar da tsohon a gadon ƙarshe, kusa da taga, an ja labule. Ya ƙanƙance, kamar an wanke shi ya shige. Robar iska ta rufe masa hanci da baki. Jar hular tana kan durowa. Da ya ga Gamaliel sai ya ɗaga gira.

"Sannu Baba. Marivic tana hanya."

Tsohon ya ja robar gefe da yatsa biyu. "Gosulo?"

"Gosulo."

Wani abu mai kama da dariya ya fito daga ƙirjinsa, ya ƙare da tari. Gamaliel ya jawo kujera ya zauna. Ya dubi hannuwansa. A gida, in mutum ya kai nan, ana neman gafarar juna kafin numfashi ya yanke, babba da yaro, kowa ya sauke abin da ya ɗauko. Ya ga an yi wa kakansa haka a Bukuru. Bai san yadda ake yi a Manila ba, bai kuma san ko don tsohon zai yi ko don kansa ba. Ya dai buɗe baki.

"Baba, ranar Talata, motar da ta wuce ka. Ni ne."

"Na sani."

"Ka gan ni?"

"Ka riƙe sitiyari kamar wanda aka ba maciji." Ya numfasa. "Mutum nawa ka ɗauko?"

"Sun kai arba'in."

"Sun isa a kan lokaci?"

"Na cike mintunan kafin mu shiga gari. Sun isa."

"To." Tsohon ya mayar da robar, ya ja iska sau uku, ya sake janye ta. Gamaliel ya matso, yana jiran kalmar da ya zo nema.

"Ni da na tsaya," in ji Baba Delfin.

Gamaliel ya sunkuyar da kai.

"Da na tsaya a tsakiyar titi. Na bayana su yi ta hon har la'asar." Idonsa ya ɗan yi haske. "Shi ya sa za su kai motata wajen 'yan gwangwan. Kada ka yi wannan fuskar, Direba. Ba ta yi maka kyau."

"Ka yafe mini, Baba."

Tsohon ya miƙo hannu ya dafa bayan hannunsa sau biyu, kamar yadda ake dafa bonet in mota ta kai mutum gida. Sai ya mayar da robar iskar.

Awa ɗaya ta wuce. Marivic ta kira, ta ce sun matsa mil biyu. Ta sake kira, ta ce wata babbar mota ta mutu a cikin layin da aka bari. Gamaliel ya kara wayar a kunnen tsohon, ta yi ta magana da yarensu, tana kuka, tana faɗa, tana kuka. Wata nas ta leƙo, ta duba injin, ta dubi Gamaliel, ta fita da sauri don ana kiranta a gado huɗu lokaci guda.

Sai ya ji ƙwas ƙwas.

Hannun tsohon ne a kan ƙarfen gefen gado, zoben aurensa yana bugun ƙarfen. Gamaliel ya ɗauka rawar hannu ce. Sai aka sake, a tsare, sau biyu. Ƙwas ƙwas. Idon tsohon yana kansa. Ya san bugun nan, an kwatanta masa shi a kan ƙofar gida, a kan kofin shayi, a kan bokitin shara. Fasinja yana so ya sauka.

"A'a, Baba. Ba mu iso ba tukuna. Marivic ta wuce Stafford. Ka daure kaɗan."

Ƙwas ƙwas.

"Awa ɗaya kawai. Don Allah. Za ta ce me in ta zo?"

Numfashin yana fita kamar ana jan buhu a kan tsakuwa. Jijiyoyin wuyan tsohon sun tashi. Ya ɗaga yatsan da ƙyar, ya buga sau ɗaya, na biyun bai kai ƙarfen ba. Har yanzu yana kallon Gamaliel, kallon nan na cikin madubi.

Gamaliel ya miƙe, ya kama hannun da hannuwansa biyu.

"To, Baba. Na ji. Na tsaya." Ya sunkuya kusa da kunnensa. "Sauka a hankali."

Bai fi minti goma ba bayan nan. Nas ɗin ta dawo, ta duba agogo, ta rubuta ɗaya da minti ashirin da biyar.

Uku saura kwata Marivic ta iso, da kayan aikinta a jiki, makullin mota a hannu. Ta daɗe a bayan labulen. Da ta fito ta zauna kusa da shi a kan kujerun baranda, tana riƙe da jar hular.

"Ya sha wahala?"

"Kaɗan. Ya ji muryarki."

Ya tuna maganar Celestina. Ya tuna cewa tsohon ya riga ya dafa masa hannu, ana iya cewa magana ta ƙare. Amma gobe yarinyar nan za ta gode masa a gaban mutane, ta ce Kuya Gam ne ya zauna da Tatay, kuma zai karɓi godiyar. Ya gaya mata. Bai ƙara ba, bai rage ba, har da ƙafarsa da ta yi shawagi a kan birki.

Marivic ta dubi jar hular da ke hannunta.

"Sau nawa na ce masa ya daina tsayawa a wurin nan?" ta ce, ba shi take kallo ba. "Sau nawa? Na buga masa taswira, na manna a firji." Ta murɗe hular. "A Manila, in direba ya taka birki don mutum ɗaya, ni ce ta farko da ke zaginsa a raina. Yau awa huɗu da rabi na yi a hanyar da suke gyarawa don a daina gosulo." Ta juyo. Idonta ya yi ja. "Me kake so in yi da wannan, Kuya? In ce ba komai? Ba zan iya ba yau. In ce laifinka ne? Shi ma ba zan iya ba. Me ya sa ka ba ni?"

"Ban so ki gode mini ba ki sani ba."

"To na sani." Ta miƙe, ta yi taku uku, ta dawo ta tsaya a kansa. "Ka kai ni gida. Ba zan ƙara taɓa sitiyari yau ba."

Ya ja motarta har Gorton. A ƙofar gida Celestina ta rungume ta, ta dubi mijinta ta saman kafaɗar yarinyar, ta gane. Ba ta yi masa faɗa ba. Ta dai ajiye masa abinci a kan tebur ta koma gidan makoki.

Bayan mako biyu aka tafi da gawar Manila. Marivic ta turo wa Celestina hoto, ba Gamaliel ba. Ƙanin tsohon ya wanke jifnin tas, ya ɗauki akwatin a tsakanin bencin nan biyu, dangi sun zauna suna kallon juna, dawakai uku a gaba. A ƙarƙashin hoton ta rubuta cewa daga coci zuwa maƙabarta awa biyu suka yi, kuma sau huɗu mutane suka ɗaga musu hannu a hanya, ba su san gawa aka ɗauko ba.

Janairu ta zo, aka sabunta takardun. Gamaliel yana nan a kan layinsa, bai sake buɗe ƙofa inda ba tasha ba. Sai dai na'urar da ke ƙirga tafiyar motar tana rubuta masa wani abu kullum a wuri guda, tsakanin shagon mai gyaran taya da bakin layinsu. Gudu ya ragu na daƙiƙa huɗu, sannan ya dawo. Abin bai kai a kira mutum ofis ba. A gefen titi kututturen ƙarfen yana nan a cikin siminti, ruwan sama ya taru a bakinsa.